Yadda Muka Je Faransa Ɗauko Fasto Iliya

Tun da muka dawo daga ƙasar Faransa ban huta da tambaya ba. In na je kasuwar Nangere a tare ni, in na shiga Potiskum sayen kayan keke a tare ni: "Malam Ayuba, yaya Faransa? Da gaske burodinsu ya kai tsawon hannu?" Har waɗanda suka riga suka ji daga bakin Malam Bitrus sai su zo su ce in maimaita, alhali shi Bitrus nasa ɓangaren kawai yake faɗa. To ga nawa, kowa ya ji sau ɗaya ya ƙyale ni. Kuma Faransar da nake nufi ita ce ta bayan Katsina, wadda 'yan boko ke ce wa Nijar, kada wani ya ɗauka jirgin sama muka hau.

Ga wanda bai san mu ba, majami'unmu biyu ne amma fasto ɗaya muke rabawa. Akwai ta cikin Potiskum, akwai tamu ta Garin Maje, gaba da Nangere. Tamu ce babba a shekaru. A bakin rijiyarmu aka fara sujada tun ba a san za a yi wata a gari ba. Amma da akawuna da malaman asibiti da 'yan sanda suka yi yawa a gari, sai suka yi rufin kwano, suka sayi ƙararrawa, suka gina wa fasto gida. Mu har yau tsohon wilin mota muke bugawa. Baba Fasto Haruna a can yake zaune, ba ma ganinsa sai in za a yi Jibin Ubangiji ko baftisma ko ɗaurin aure, shi ma da rana tsaka, bayan ya gama da mutanen gari, murya duk ta dushe. Sauran Lahadi ni nake tsayawa. Ni ba fasto ba ne, noma nake yi da gyaran keke, amma na yi ajin mishan, na iya karanta Littafi, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa cewa wa'azina ya gaza.

Da idon Baba Haruna ya yi rauni ya ce zai koma garinsu, sai dattawan majami'un biyu suka zauna. Shi da kansa ya kawo sunan wanda zai gaje shi. Ya ce, "Kuna da ɗa a ƙasar Faransa. Iliya, wanda turawan mishan suka tafi da shi yana saurayi. An naɗa shi fasto a wani ƙauye bayan Maraɗi, kuma na ji sun sami wani matashi da ya gama makaranta zai iya riƙe wurin." Na san Iliya sarai. Ɗan Garin Maje ne, Bakarkare kamar ni, tare muka yi kiwon awaki, tare muka shiga aji. Shi aka ɗauka, ni aka ce in tsaya in taimaki ubana.

A kan mutumin ba a yi gardama ba. A kan inda zai zauna ne aka kusa tashi baram-baram. Mutanen gari suka ce ga gida a gine. Namu suka ce ɗanmu ne, kuma mun gaji da cin ragowa. A ƙarshe aka ce kowane ɓangare ya ba da mutum ɗaya, a je a same shi, shi ya zaɓa. Namu suka ba da ni. Na gari suka ba da Malam Bitrus, ɗan ƙabilar Babur ne daga wajen Biu, akawu a kantin masu sayen gyaɗa, mai agogon hannu da takalmi sau-ciki. Mutum ne da ko jaki ya gaisar sai jakin ya ji daɗi. Ban taɓa samun laifinsa ba, kuma ba don ban duba ba.

Mutanen gari suka haɗa wa fasto fitila mai famfo, sabuwa cikin kwalinta. Matanmu na zumunta suka haɗa daddawa da kuka cikin ƙwarya, aka ɗaure da tsumma.

Bayan kaka ne, motocin gyaɗa na ta zuwa Kano. Bitrus ya samo mana wuri a motar wani Babarbare, Alhaji Modu. Da muka iso tasha, Alhaji ya riƙe hannunsa yana ta gaisuwa, ya buɗe masa gidan gaba. Ni kuma ya dube ni, ya dubi ƙwaryata, ya shaƙi iska, ya ce, "Malam, kai da kayan miyarka sama." Bitrus ya ce mu riƙa canji a hanya. Na ce a'a, na fi son iska. Haka na hau kan buhuna tare da wasu Fulani biyu da suka sayar da shanu a kasuwa. Kafin mu kai Azare sun ja jiki can ƙarshen mota saboda warin daddawa, ni kuma duk ramin da aka faɗa sai na ji shi a ƙashin bayana. Ta ƙasa ina jin dariyar Bitrus da direba. A Birnin Kudu da aka tsaya salla, Alhaji ya saya masa tsire. Bitrus ya miƙo mini tsinke ɗaya. Na ci, amma ban ji daɗinsa ba.

A Kano, Sabon Gari muka sauka, gidan wani ɗan'uwan Bitrus mai aikin jirgin ƙasa. Mutanen kirki ne, sun ba mu shinkafa da miyar da ta sha mai. Amma gida ɗaya ya ɗauki iyali kusan goma, kowa da yarensa, makewayi kuwa sai an yi layi. Da safe maigidan ya tambayi Bitrus wane ne ni. Bitrus ya ce, "Ai shi ne mai wa'azinmu na ƙauye." Maigidan ya ce, "Madalla," ya juya suka ci gaba da zancen albashi. Kalmar "ƙauye" ɗin nan ta raka ni har Katsina.

Daga Katsina muka sami wata tsohuwar mota zuwa Jibiya, daga nan sai iyaka. Ni na ɗauka zan ga ganuwa ko kogi. Ba komai sai sanda a gicciye da rumfa da tuta. Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne, muna wucewa direba ya bar hannun hagu ya koma na dama. Na yi ihu na ce barci yake yi. Duk motar aka yi mini dariya, aka ce haka Faransa ke tuƙi.

A rumfarsu wani jandarma dogo mai gajeren wando ya ce kowa ya nuna hannunsa a ga tabon lamba, saboda ana fama da agana a wasu garuruwa. Bitrus ya naɗe hannun riga, ga tabo ga kati. Ni ban taɓa yi ba. Duk lokacin da masu lamba suka zo ƙauyenmu ina gona. Nan take aka zaunar da ni a kan benci tsakanin wata mai goyo da wani tsoho, aka tsaga mini dantse. Ina zaune ina kallo aka buɗe kwalin fitila. Na ce a raina, yau dai za a karɓe ta. Ina! Bitrus ya ce wa mutumin "mushe", wato yallaɓai a bakinsu, kalmar da ya tsinta a mota ɗazu-ɗazu. Ya yaba masa hula, ya tambayi iyalinsa. Aka mayar da fitila cikin kwali har da ɗaure masa igiya. Da aka zo kan ƙwaryata, jandarman ya shinshina ya ce, "Kai, wagga ta Ingila ce ta ƙwarai! Uwargida na son ta." Ingila kuwa ƙasarmu yake nufi. Ya zan yi? Na ɗiba masa. Ya ce in ƙara.

Maraɗi gari ne mai yashi. Mun isa da tsakar rana muka tarar an rufe kantuna da ofisoshi, wai kowa ya tafi barci sai la'asar. A Potiskum wanda ya yi haka ai sai a ce ba shi da lafiya. Burodin kuwa gaskiya ne: dogo kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, in ka gatsa sai dasashi ya yi jini. Hausarsu ma sai ka kasa kunne. Ba sa cewa "me", sai "mi". Fura "hura" ce, kuma ita ce abinci safe da rana. Mu da ake yi wa dariya a Kano wai Hausarmu ta 'yan Borno ce, a can "mutanen Ingila" aka riƙa kiranmu, har ana ba mu hanya.

Ƙauyen da Iliya yake sai da amalanken shanu muka ƙarasa. Lokacin hannuna ya kumbura, zazzaɓi ya fara. Muka same shi a bakin majami'arsu yana gyaran danga. Ya yi furfura, ya rame, amma tafiyarsa tana nan irin ta gidansu. Ya tsaya yana dubana, sannan ya kira ni da sunan da ake kirana muna yara, wanda ko matata ba ta sani ba. Ya rungume ni daidai kan lambar. Na ji zafi har cikin kai, amma ban nuna ba, don Bitrus na tsaye a gefe ba wanda ya rungume shi. Wannan ne lokacin farko da na ji daɗin tafiyar.

Matarsa, Mama Rahila, Bagobira ce mai tsage a kumatu, ba ta da yawan magana. Ta karɓi fitila ta juya ta, ta ce an gode, amma su da kaji suke shiga ɗaki, rana na faɗuwa sun kwanta. Ta buɗe ƙwarya, ta ga abin da ya rage, ta yi murmushi. A zauren gidan aka shimfiɗa mana tabarmi.

Mutanen wurin kuwa ba su yi murna da mu ba ko kaɗan. Labari ya riga mu isa. Sun kawo hura, sun kawo tuwo, ba abin da suka rage na haƙƙin baƙo, amma sai a dire kwano a juya. Wata tsohuwa mai suna Iya Tabita ta zo ta tsaya a ƙofar zaure da sandarta, ba sallama. Ta ce, "Ku ne kuka taho ku ɗauke muna shi?"

Bitrus ya ce, "Iya, ai aikin Ubangiji ne, ko'ina ɗaya ne."

Ta ce, "In ko'ina ɗaya ne, ku bar shi nan. Shi ya bizne mini miji. Shi ya bizne ɗiyana biyu shekarar da ruwa ya ƙi. Ni wa za shi bizne ni? Yaron nan da ya gama makaranta, da ko gemu bai da?"

Ta daɗe tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta tafi. Ni na san irin wannan kallon. Shi muke yi wa mutanen gari duk ranar da suka zo da mota suka ɗauke Baba Haruna kafin ya gama cin abinci.

Ranar Lahadi ce abin ya same ni. Al'adarsu ce baƙo ya yi wa'azi. Tun asuba na zaɓi aya, na shirya. Sai Iliya ya taɓa goshina ya ce, "Ɗan'uwa, jikinka wuta. Ka huta, Malam Bitrus ya tsaya. Kai ka rufe mana da addu'a."

Na ce, "Fasto, zan iya."

Ya ce, "Na sani. Ka huta."

Bitrus bai taɓa tsayawa gaban jama'a ba sai don karanta sanarwa. Ya fito yana gumi, riƙe da Littafi. Su a kan yashi suke zama, ba benci, maza gaba mata baya, kuma ba sa kaɗa tulu a waƙa kamar matanmu, tafi kawai. Ya karanta aya biyu, ya rasa abin faɗa. Na sunkuyar da kai, ina jiran a kira ni. Sai ya rufe Littafin ya ce shi bai iya wa'azi ba, amma zai ba su labarin ranar da ya bar garinsu, da yadda uwarsa ta raka shi bakin hanya ta ƙi yi masa sallama don haushi, kuma bai sake ganinta ba. Ya ce, "Kada ku yi wa fastonku haka. In zai tafi, ku sa masa albarka." Ba tsari, ba kan magana, ko aya bai koma ba. Amma da na ɗaga kai, mata na share hawaye, har Iya Tabita. Da aka tashi suka kewaye shi. Addu'ata, wadda na ja ta da kyau, ba wanda ya ambace ta.

Da la'asar muka zauna a inuwar gidan, mu uku, Mama Rahila na gefe tana tsinkar zogale. Bitrus ya fara. Ya lissafa gidan siminti, famfo a bakin titi, makarantar yara, asibiti, jama'a masu albashi da za su iya riƙe fasto. Duk gaskiya ne, kuma ya faɗa da ladabi. Iliya na gyaɗa kai. Na ga abin na neman kuɓuce mana.

Da aka zo kaina sai na bar Hausa na koma Karai-Karai. Bitrus ba ya ji ko kalma ɗaya, kuma na san haka. Na ce, "Iliya, ba mu da siminti. Gidan ubanka ya rushe, amma kabarinsa na nan, ni nake nome ciyawar. Gwaggonka na da rai, ba ta gani, kullum sai ta tambaya ko ka dawo. Tsofaffinmu na mutuwa fasto na gari, kafin a aika ya zo an rufe. Mu muka fara, mu aka bari a baya. In ka zauna a gari, ka zama nasu, mu sai dai mu ga ƙurar kekenka."

Da ya buɗe baki, yaren ya yi masa nauyi, yana laluben kalmomi kamar mai tafiya a duhu. Ya tambayi mutane da sunayensu, ina cewa wannan ya rasu, wannan na nan. Bitrus na zaune yana duban agogonsa, yana murmushin wanda aka bari a waje. Na bar shi ya ɗanɗana.

Iliya ya juya ga matarsa ya ce da Hausa, "Ke mi kika gani?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni ɗiyar manoma ce. In za a raba ni da dangina, a kai ni inda zan yi gona in ɗaure akuya. Ban iya zaman gidan da za a saya mini hatsi da mudu."

Shi ke nan. Iliya ya ce zai zo bayan Kirsimeti, kuma a Garin Maje zai zauna. Zai riƙa shiga gari don Jibi da baftisma da aure. Sannan ya dafa Bitrus ya ce, "Sauran Lahadi kuwa, ga mai tsaya muku. Na ji ka yau. Allah ya ba ka abu, kada ka ɓoye shi."

A lokacin ban kula da wannan maganar ba. Murna ta cika ni. Ko zazzaɓin ban ƙara ji ba. A hanyar dawowa har waƙa na riƙa yi a bayan mota, ina ƙiyasta fuskar dattawan gari in sun ji. Na sa ran Bitrus zai yi fushi, ko ya yi mini maganar yaren da na juya. Bai yi ba. A Kano ya shiga kantin littattafai ya daɗe. A Wudil ya bar gidan gaba ya hawo sama wurina, ya zauna a kan buhun gishiri, ya ce, "Malam Ayuba, ka koya mini. In za ka shirya wa'azi, ta ina kake farawa?"

Na fara yi masa bayani, ina jin kaina. Muna gab da Azare ya ce, "Kai dai ka huta yanzu. Shekara nawa kana ɗauke da wannan kaya kai kaɗai! Ga fasto a ƙofar gidanka kowace Lahadi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni kuwa sai na ji kamar motar ta faɗa rami. Tun daga Maraɗi nake lissafin abin da gari ya rasa, ban taɓa tsayawa na lissafa nawa ba. Na katse bayanin, na juya ina kallon hanya. Ya tambaya ko hannun ne. Na ce hannun ne.

A Garin Maje an tarye ni da guɗa. Aka gina wa fasto ɗakuna biyu, ni na sa ƙofofin. Ya iso kamar yadda ya ce, da matarsa da 'ya'yansa da akuya uku a bayan mota.

Lahadinsa ta farko majami'a ta cika har waje, har waɗanda suka daina zuwa sun zo. Na shiga da Littafina, ƙafata ta nufi gaba da kanta, sai na ga kujerar mai wa'azi da mutum a kai. Na dawo na zauna a benci na uku, tsakanin maƙeri da wani kurma. Ban taɓa sanin bencin nan na da ƙusa ba. Iliya ya karanta labarin ɗan da ya ɓace da Hausa, sannan ya ajiye Littafin ya faɗe shi da Karai-Karai, da yarensa mai tsatsa, yana tuntuɓe, tsofaffi na gyara masa suna dariya. Ni duk shekarun nan da Hausa nake yi, don da ita aka koya mini, da ita aka rubuta. Labarin nan kuwa na yi wa'azi a kansa ya fi a ƙirga.

Muna komawa gida matata Saratu na gaba, tana sauri kamar yarinya. Ta juyo ta ce, "Baban Rifkatu, ashe yaron nan yunwa ce ta koro shi gida? Kuma uban bai ko tambaye shi ina dukiyar ba? Kai! Ban taɓa jin labari mai daɗi haka ba."

Na ce, "Ai ni ma haka nake faɗarsa."

Ta tsaya ta dube ni, tana ƙoƙarin tunawa, har ga Allah tana ƙoƙari.

Ta ce, "To. Wataƙila ranar ban zo ba."